Inda Ɗaliban Injiniya Ke Karyewa

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa ba dole ba ne mai neman karatun adabi da makamantansa ya sami kiredit a lissafi kafin a ba shi gurbi a jami'a. Aka yi ta ka-ce-na-ce a rediyo da Facebook. Abin da ya ba ni haushi shi ne duk hayaniyar ta ƙare kan waɗanda aka sauke wa kayan, babu mai tambayar halin waɗanda ke ɗauke da shi. Yaron Gusau ko Tsafe da ya tafi Zariya, Kano ko Sakkwato karatun injiniya yana riƙe da kiredit ɗinsa, sai dai ba ya kai shi nesa. A shekara ta biyu yake gamuwa da lissafin sauyi, wanda ɗalibai ke kira difarenshiyal, kuma a nan ake tara kari-oba. A ganina tun a sakandare aka kayar da yaron, jami'a sakamakon kawai take liƙawa.

Darasin ba dodo ba ne. Duk wanda ya taɓa buɗe famfon tanki ya san ruwa kan fito da ƙarfi idan tankin na cike, ya riƙa sanyi yayin da yake sauka. Kofin shayi ma da sauri yake fara hucewa, sannan ya dinga jan ƙafa. A lissafin sauyi ana ba ka dokar saurin canjin ne, kai kuma ka nemo yawan ruwan ko zafin shayin a kowane minti. Amma ko mafi sauƙinsa ba ya warwaruwa sai ka iya kalkulas, shi kuma kalkulas zaune yake kan aljabara da logaridim da lissafin kusurwoyi na SS1 da SS2. Wanda ya rasa zango ɗaya a darasin tarihi zai iya tsallakewa ya ci gaba. Lissafi ba ya yafe bashi.

To a duba shekarun da ɗaliban yau suka yi a sakandare. Korona ta rufe makarantu na watanni a 2020. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan matan Jangebe, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun kwana. A Satumban shekarar, bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya, ko darasin intanet babu hali. Yaron da ke SS1 ko SS2 a lokacin shi ne yau zaune a aji biyu ko uku na jami'a, kuma zangunan da suka salwanta su ne daidai waɗanda ake koyar da logaridim da kusurwoyi. Da aka koma, ba a koma baya an cike giɓin ba, aka nufi jarabawa kai tsaye da tsofaffin tambayoyi.

Ga kuma batun malami. Mai digirin lissafi yana da inda za shi, ba ya ɗokin zama a ƙauyen Bungudu ko bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa da ransa a hannu. Lissafi mai zurfi, wanda shi ne ainihin share fagen injiniya, ba sharaɗi ba ne na shiga jami'a, don haka shi ake fara yarwa idan malamai suka yi ƙaranci. Jihar da ta kai har ana riƙe sakamakon NECO na 'ya'yanta saboda bashi, sai da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwamban 2023, ba ta da sararin tunanin wane ne zai koyar da kalkulas a SS3.

Ɗalibin da ya iso da wannan rauni hadda yake komawa, abin da muka gwanance a kai. Yana buɗe littafin lissafin injiniya na Stroud, ya haddace matakai, ya yi addu'ar tambayar bara ta maimaitu. Wani lokaci ya haye. Abin tsoron yana gaba. Madatsar ruwan Gusau ta ɓalle a 2006 bayan ruwan sama mai yawa, aka rasa rayuka da gidaje. Ruwan da ke shiga madatsa da wanda ke fita, da tsayin da zai kai cikin awa shida, tambayar lissafin sauyi ce tsantsa, haka take a madatsar Bakolori. Yadda gubar dalma ke raguwa a jinin yaro, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum a 2010, da wannan lissafin ake auna ta. Injiniyan hadda zai iya warware abin da aka rubuta masa a allo, amma idan aka tsayar da shi bakin kogi ba zai iya rubuta tambayar da kansa ba.

Akwai masu ɗora laifin kan jami'o'i: ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, malami na karanto takardar da ya rubuta shekaru goma da suka wuce, yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da koyarwa da Turancin da yaro bai ƙoshi da shi ba. Na yarda, har ma na ƙara da cewa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ya ga an kwashe 'yan uwansa daga Sabon Gida a Satumban 2023 ba zai zauna karatun dare da natsuwa ba. Sai dai a wannan zauren mai cunkoso ne ɗan makarantar kuɗi da ya yi lissafi mai zurfi ke cin jarabawa, ɗan makarantar gwamnati da ke gefensa na faɗuwa.

Gyaran ajujuwa da fenti da ake yi yanzu abu ne mai kyau. Amma da ni ake shawara, da an ware alawus na musamman ga duk malamin lissafi da ya yarda ya zauna a Kwatarkwashi ko Yankuzo, jami'o'i kuma su gwada sababbin ɗaliban injiniya a makon farko, su ba masu rauni zango guda na aljabara kafin a nuna musu kalkulas.