Tsohon saksofon a gwanjon Turai: wanda ya goge shi ya yi asara

A shekara ta 1994, a gidan gwanjon Christie's da ke birnin Landan, an fito da wani farin abin busa na roba, aka shiga tayi. Daga ƙarshe ya tashi a kan fam dubu 93 da 500, wato sama da miliyon 70 na sefa a canjin wancan lokaci. Saksofon ne samfurin Grafton, wanda aka ƙera a Ingila a shekarun 1950 don masu ƙaramin ƙarfi, ga shi da saurin fashewa. Abin da ya kai shi wannan kuɗi shi ne bakin da ya busa shi: Charlie Parker, gwanin kiɗan jaz na Amurka, da shi ya yi wasa a birnin Toronto a 1953. Hukumomin birnin Kansas City, inda ya tashi, su suka saye.

Mai karatu, ko ba ka san sunan saksofon ba, wataƙila ka taɓa jin muryarsa a waƙoƙin Manu Dibango na Kamaru ko Fela na Legas. Ƙaho ne na tagulla mai lanƙwasa kamar lofe, da ramuka masu marufai a jikinsa, da ɗan siririn kara a baki mai kaɗawa in an hura. Wani ɗan ƙasar Beljik mai suna Adolphe Sax ya ƙirƙiro shi, ya karɓi takardar mallakarsa a Paris a 1846. Bai ci moriyar abin ba: sau uku jarinsa yana karyewa, ya mutu cikin talauci a 1894.

A Faransa, tsofaffin kayan kiɗa suna da kasuwarsu, a Drouot cikin Paris da kuma garin Vichy. Abu na farko da masu saye ke dubawa shi ne sunan maƙeri da ke zane a bakin ƙahon, sai lambar da aka buga a bayansa, wadda ke nuna shekarar ƙira. Sunan ma yana ruɗi. Ɗan Adolphe Sax ya ci gaba da ƙira da sunan gidansu har kamfanin Selmer ya sayi maƙerar a ƙarshen shekarun 1920. Masana sukan raba gardama da adireshi: in an ga 50 rue Saint-Georges, aikin uban ne, in 84 rue Myrha ne, na ɗan ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Amma tsufa kaɗai ba ya sa farashi, kuma nan ne baƙon kasuwa ke faɗawa rami. A shekarun 1920 kamfanonin Amurka irin su Conn da Buescher sun cika gidaje da wani samfuri da ake kira C melody. Yau ya kai shekara ɗari, amma ya yi yawa kuma makaɗa ba su nemansa, don haka kuɗinsa kaɗan ne, wani lokaci gyaransa ya fi shi tsada. Akwai kuma harafi guda da ke kashe ciniki. A ƙarƙashin lambar tsofaffin ƙahonin Amurka sau da yawa akan ga L ko H. Mai L muryarsa ta dace da kayan kiɗan yau. Mai H kuwa an daidaita shi da wani tsohon ma'auni da ya fi tashi sama, ba ya haɗuwa da sauran kayan kiɗa, kuma babu maƙerin da zai iya sauke shi. Sai dai a rataye a bango.

Wanda ake rububi a kansa bai ma kai waɗannan tsufa ba. Shi ne Mark VI na Selmer, da aka ƙera a Mantes-la-Ville kusa da Paris daga 1954 zuwa wajen 1974, wanda John Coltrane da Sonny Rollins suka busa. Lambobinsa sun soma daga wajen dubu 55. Waɗanda lambarsu ba ta kai dubu 100 ba, wato ƙirar da ta tsaya wajen 1962, su suka fi tsada. Mai kyau yana cin dubban yuro, kuma kowace yuro dubu ɗaya ta zarce jika 655. Makaɗa da yawa sun ce bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ni ma ina ganin akwai son suna a ciki. To amma kasuwa abin da mai saye ya yarda da shi take bi. Inda kuɗi suke kuwa jabu ba ya rasa zuwa: ana ƙera sabbi a buga musu sunan Selmer, sai an dubi tsabtar rubutu da tsarin marufai ake kama su.

Ga abin da zai ba ƴan kasuwarmu mamaki. A wurinmu, Hajiya, tasa ko tire in za a kai kasuwa sai an dirje shi da toka ya yi ƙyalli. A wannan ciniki dirzar ita ce asara. Maƙera suna shafa wa tagulla wani siririn mai da ke hana ta dishewa, bayan shekaru ya yi duhu kamar zuma, ya ɓaɓɓare inda hannu ke taɓawa. Masu saye haka suke son sa. In an kankare an sake shafawa, injin gogewa yana cin tagulla, zanen furanni da ke bakin ƙahon ya lafe, haruffa su yi dishi-dishi. Gwani yatsa kawai yake bi da shi a kan zanen: in ya ji kaifi, asali ne, in ya ji sumul, an taɓa. Ƙahon da ya sha gyaran fuska yana iya fin ɗan uwansa kyau a ido, amma a ƙasa da shi zai tashi.

Sannan a dubi wuya, wato ɗan bututun da ake cirewa a sama. Shi ya fi ɓata ko lanƙwashewa, kuma in an musanya shi da wani daraja ta ragu. A ɗaga gangar jikin a hanga ko ta miƙe, a nemi tabon dalma inda aka taɓa liƙi, a duba ko leɓen ramukan ya daidaita. Fatun marufai da suka bushe ba abin tsoro ba ne, ana sauya su, sai dai a Faransa aikin yana cin ɗaruruwan yuro. Tarihi kuwa sai da shaida. Kowa na iya cewa wani shahararre ya busa ƙahonsa. Abin da gidan gwanjo ke nema shi ne rasit, ko hoto, ko takardar magada. Da irin wannan shaida wani saksofon na Parker, samfurin King, ya wuce dubu 200 a gwanjon New York a 2005, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Kuɗin da mai guduma ya faɗa ba shi ne ƙarshen biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma yanki tasa daga wajen mai kaya. Wanda ya taya yuro dubu 4 zai ƙirga wajen dubu 5, ban da kuɗin aike da na duwan. Kuma in ka biya, kaya sun zama naka yadda suke, shi ya sa ake baje su kafin ranar gwanjo don kowa ya taɓa ya gani.

In Allah ya sa irin wannan ƙaho ya faɗo hannunka cikin kayan gwanjo, kada ka kai wa masu awon ƙarfe, kada kuma ka sa yaro ya goge. Ɗauki hoton sunan da lambar da wuyan, ka bar shi cikin akwatinsa nesa da laima, har ka sami wanda ya san lambobin.