Me Ya Sa Hoto Ke Ƙin Fitowa a Manhajar da Ka Maƙala wa Chrome?

Kwana uku na yi ina fama da wata 'yar manhaja da na rubuta, irin wadda ake maƙala wa Chrome. Wani mai shago a Agege ya ce ranar da ta yi aiki zai biya ni. Na shiga chrome://extensions, na kunna Developer mode, na danna Load unpacked, na zaɓi folda, ta hau lafiya lau. Amma tambarin da na sa ya ƙi fitowa, sai wani ɗan akwati fanko. Data ta ƙare, barci ya gagara.

Ashe matsalar ta adireshi ce. Rubutun da kake cusawa cikin shafin wani, wato content script, baƙo ne a gidan mutane. In ka rubuta tambari.png kawai, burauza za ta je nemansa a gidan mai shafin, ba a foldarka ba. Ina za ta same shi?

Maganin biyu ne. Na farko, ka nemo cikakken adireshin da chrome.runtime.getURL("tambari.png"). Na biyu, ka buɗe manifest.json ka sa sunan hoton a ƙarƙashin web_accessible_resources, tare da shafukan da ka yarda su gan shi. In ba ka yi ba, Chrome zai hana shi fita, don kada kowane shafi ya riƙa leƙa kayanka.

Haka batun raba lambobinka fayil-fayil, wato modul. A Manifest V3, in kana son import ya yi aiki a background, sai ka ƙara "type": "module". A content script kuwa import na saman fayil ba ya ci. Sai dai ka kira import() da adireshin getURL, fayil ɗin ma ka sa shi a wancan jerin. Ɗauko lambobi daga intanet kuma an hana.

Abin da ya fi ba ni haushi, na gyara tun dare na biyu ban sani ba! Duk gyaran da ka yi, sai ka danna alamar sake lodawa a kan manhajar, sannan ka sabunta shafin. Kafin ka zargi kwamfutarka, danna F12 ka duba Console, jan rubutun nan yana faɗin fayil ɗin da aka hana.

Mai shagon dai ya biya ni ranar Juma'a. Allah Ya sa mu dace.