Yadda 'Yan Kallo Ke Juya Alƙalamin Marubuci A Koriya Ta Kudu

A daren Litinin, 22 ga watan Maris na shekarar 2021, gidan talabijin na SBS da ke birnin Seoul ya fara nuna wani sabon wasan kwaikwayo na tarihi mai suna Joseon Exorcist. An tsara za a nuna shi kashi 16, an kuma riga an ɗauki mafi yawansa bayan kashe maƙudan kuɗi. Washegari aka nuna kashi na biyu. Ranar Jumma'a ta wannan makon sai gidan talabijin ɗin ya ba da sanarwar ya soke wasan ɗungurungum. Babu wata kotu ko hukuma da ta ba da umurnin haka, fushin 'yan kallo kaɗai ya isa.

Abin da ya harzuƙa mutane shi ne, an nuna Sarki Taejong, na uku a daular Joseon, yana karkashe talakawa marasa laifi cikin gushewar hankali. Sa'an nan aka nuna ɗansa, wanda daga baya ya zama Sarki Sejong da ya ƙago haruffan Koriya a 1443, yana karɓar baƙuncin wani limamin Kirista da irin abincin ƙasar Sin. A lokacin kuwa zukatan Koriyawa a tafashe suke, saboda iƙirarin da waɗansu mutanen Sin ke yi cewa kimchi, abincin da Koriyawa ke tinƙaho da shi, da tufafinsu na gargajiya, duk daga Sin suka samo asali. 'Yan kallo suka kai kuka fadar shugaban ƙasa, suka kuma bi kamfanonin da ke talla a cikin wasan ɗaya bayan ɗaya, har kowannensu ya janye kuɗinsa.

Kafin a gane inda 'yan kallo suka sami wannan ƙarfi, sai an san yadda aka saba shirya wasanni a can. Shekara da shekaru, al'adar gidajen talabijin irin su KBS da MBC da SBS ita ce a nuna kashi biyu a mako, ko dai Litinin da Talata, ko Laraba da Alhamis, ko kuwa Asabar da Lahadi. Kashi kaɗan ake kammalawa kafin a fara nunawa, sauran kuwa ana nunawa ana ɗauka. Kowace safiya kamfanonin ƙididdiga sukan fitar da adadin gidajen da suka kalli wasan daren jiya, masu talla kuma da wannan adadi suke auna darajar wasa. Saboda haka marubuci yana rubutu ne kunnensa na wajen jama'a. In aka ga 'yan kallo sun ƙaunaci wani ɗan wasa, sai a ƙara masa fitowa, in sun gaji da wani, sai labari ya aika shi ƙasar waje karatu. Har suna gare su na takardun da akan miƙa wa 'yan wasa a filin ɗauka, shafi-shafi, tun tawada ba ta bushe ba, suna ce musu jjokdaebon. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Idan wasa ya karɓu, ladan 'yan kallo shi ne a tsawaita musu shi. Dae Jang Geum, labarin wata mai dafa abinci a fada wadda ta zama likitar sarki, wanda MBC ta nuna daga 2003 zuwa 2004, an tsara shi kashi 50 ne, amma da masu kallo suka haura kashi 50 cikin 100 na gidaje sai aka kai shi 54. Jumong kuwa, labarin jarumin da ya kafa daular Goguryeo, an tsara shi kashi 60, ya ƙare a 81 cikin shekarar 2007. Wannan wasa ba baƙo ba ne ga masu kallo a Nijeriya, domin ya zaga gidaje da yawa a faya-fayai.

To, amma wannan daɗi akwai waɗanda ke biyan kuɗinsa da jikinsu. Ɗaukar wasan da ya haura sa'a biyu a kowane mako yana nufin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da masu fitilu su yi ta aiki dare da rana, barci sai a mota tsakanin wannan fili da wancan. A watan Agusta na 2011, 'yar wasa Han Ye-seul ta bar wasan Spy Myung-wol ana tsakiyar nuna shi, ta hau jirgi zuwa Amurka tana kukan wahalar aiki, har KBS ta rasa abin da za ta nuna a daren, ta cike gurbin da tsofaffin hotunan wasan. Bayan 'yan kwanaki ta komo ta nemi gafara. Abin da ya fi wannan muni ya auku a watan Oktoba na 2016, sa'ad da wani matashin ma'aikacin shirya wasa, Lee Han-bit, ya kashe kansa jim kaɗan da gama wasan Drinking Solo na tashar tvN, ya bar wasiyya yana kokawa da yadda ake tatsar ma'aikata. Daga baya kamfanin ya nemi gafarar iyalinsa, aka kuma kafa wata cibiya da sunansa don kare haƙƙin ma'aikatan talabijin. A 2018 ƙasar ta fara aiki da dokar da ta ƙayyade aikin mako kada ya wuce sa'a 52.

Kasuwar waje ita ma ta taimaka wajen sauya tsarin. Da hukumomin Sin suka ce sai sun duba wasa gaba ɗayansa kafin a nuna shi a ƙasarsu, masu shirya Descendants of the Sun sun kammala shi tsaf kafin KBS ta fara nunawa a 2016, ya kuma yi farin jini ƙwarai a ƙasashen biyu. Bayan haka Netflix ta shigo da nata salon, inda ta saki dukkan kashi 9 na Squid Game a rana guda cikin watan Satumba na 2021. Wasan da aka gama ɗauka kuwa, ɗan kallo ba shi da ikon sauya ƙarshensa.

Duk da haka bakinsa bai mutu ba. A 2021 aka nuna jarumin wasan Vincenzo yana cin bibimbap, shinkafar nan ta Koriya mai haɗin ganyaye, wadda wani kamfanin Sin ya sarrafa. Aka yi caa a kan masu wasan, har suka yanke wurin. A watan Disamba na wannan shekara kuma mutane fiye da 300,000 suka sa hannu a takardar neman a dakatar da Snowdrop na tashar JTBC. Labarin ya auku ne a 1987, shekarar da ɗalibai suka tashi haiƙan neman mulkin dimokuraɗiyya, jarumar kuma ta ɓoye wani ɗan leƙen asirin Koriya ta Arewa bisa zaton ɗalibi ne mai zanga-zanga. Masu kuka suka ce da irin wannan ƙazafi ne mulkin soja ya riƙa azabtar da ɗalibai, wasan kuwa yana neman gaskata shi. Wannan karon tashar ta ƙi ja da baya, kotu ta yi watsi da ƙarar da aka kai, aka nuna wasan har ƙarshensa a watan Janairu na 2022.

Ra'ayi ya rabu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu na ganin tunda wasannin Koriya sun zama tagar da duniya ke leƙen ƙasar, wajibi ne 'yan ƙasa su tsare tarihinsu, domin baƙon da ke kallo a Kano ko Alƙahira ba shi da ta yadda zai rarrabe gaskiya da ƙage. Waɗansu kuwa na cewa dokin mai baki ya fi gudu, kuma yanke wa wasa mai kashi 16 hukunci bayan kashi biyu zalunci ne ga ɗimbin ma'aikatan da abincinsu ya rataya a kansa, sa'an nan yana sa marubuta tsoron taɓa duk wani tarihi mai ɗaci.

Mai kallo a nan gida, wanda wasa kan iso masa a kammale a faifai ko a waya, wani lokaci ma an juya shi zuwa Hausa, zane yake gani bayan an sauke shi daga masaƙa. In ya ga labarin Jumong ya ɗan ja da tsawo kafin a kai ga kafa daula, to, ya tuna kashi 21 daga ciki ba su cikin lissafin farko, 'yan kallon Seoul ne suka jawo su.