Laushin Birkin Mota Bayan Canza Fad da Faifai: Dalilai da Magani

Gabatarwa

Sau da yawa makanike yakan sa wa mota sabon fad da sabon faifan birki, amma da direba ya taka sai ya ji birkin ya yi laushi, ƙafa tana nutsewa kafin taya ta kama. Wannan matsala ce da ta shafi rai kai tsaye, domin motar da birkinta bai tsaya daram ba tana iya wuce inda aka so ta tsaya. Saboda haka ya kyautu a san yadda birki yake aiki kafin a nemi inda laifin yake.

Yadda Birki Yake Aiki

Birkin ƙananan motoci da mai yake aiki. Idan aka taka, babbar silinda, wadda makanikai ke kira masta, takan tura man birki ta cikin bututu zuwa kalifa. Fistin da ke cikin kalifa sai ya matse fad a jikin faifai, taya ta rage gudu. Tushen wannan tsari shi ne ka'idar Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, wadda ta nuna cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yakan isa ko'ina daidai. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Laushin birki yana nufin ƙarfin ƙafa yana ɓacewa a wani wuri kafin ya kai ga faifai.

Gano Inda Laifin Yake

Abu na farko shi ne fistin da bai dawo mazauninsa ba. Kafin sabon fad ya shiga, dole a tura fistin ciki, wanda ke barin rata tsakanin fad da faifai. Maganin wannan shi ne a riƙa taka birki a hankali ana saki, motar tana tsaye, har ya yi tauri. Kada a kai ƙafa ƙasa ƙurmus, domin a tsohuwar mota hakan kan kai robar masta wurin da tsatsa ta taru, ta yage.

Idan laushin bai tafi ba, sai a kashe inji a yi gwaji. A taka sau da yawa, sannan a danne a riƙe. In birkin ya yi tauri, amma bayan ɗan hutu laushin ya dawo, galibi iska ce ta shiga. Takan shiga idan an kwance tiyo, ko an buɗe notin fitar da iska, ko mai ya yi ƙasa a tankinsa. In kuwa ƙafa tana nutsewa sannu a hankali alhali an danne, to ko dai mai yana yoyo, ko robar masta ta mutu. A duba bayan tayoyi da mahaɗar bututu. Idan babu danshi ko'ina, zargi ya koma kan masta.

Haka kuma akwai kuskuren ɗauri. Kalifar dama da ta hagu sun yi kama, amma idan aka musanya su notin fitar da iska yakan koma ƙasa. Tun da iska sama take taruwa, ba za ta fita ba ko an kwana ana ƙoƙari. Fad da bai zauna daidai ba, da ƙusar kalifa da ta cije, su ma suna jawo laushi.

Fitar da Iska

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya danne birki, ɗayan ya buɗe noti mai ya fito, ya rufe kafin a ɗaga ƙafa. A maimaita har mai ya daina fitowa da kumfa, ana cika tanki a kai a kai. Bisa al'ada akan fara da tayar da ta fi nisa da masta, sai dai littafin motar shi ne abin bi. Wasu motoci masu ABS sai an haɗa su da kwamfuta kafin iskar ta fita duka.

Man kansa abin lura ne, domin yana shan danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salsiyas, DOT 4 kuwa 230, amma idan sun sha ruwa sukan sauko zuwa wajen 140 da 155. Mai da ya tafasa yakan zama tururi, birki ya ɓace a gangara. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba da shawarar canza shi duk shekara 2. Kada a gauraya DOT 5 da waɗannan biyun.

Kammalawa

Bayan birki ya yi tauri, sai a gwada shi a hanyar da babu jama'a. A kai kimanin kilomita 60 a awa, a rage zuwa 10 ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita sau 8 zuwa 10, domin fad da faifai su saba da juna. Wannan yana ƙara kamu, amma ba ya maganin iska ko yoyo. Motar da birkinta ke nutsewa ba ta hau titi ba, sai an gano dalili an gyara.