Ba Kowace Laraba Ke Nuna Juma'a Ba

Ya ku malamai da fatake, ga wani labari daga ƙasar Amurka, wanda ya kamata duk mai zuba dukiya a kan abin da bai nuna ba tukuna ya ji shi.

Mutanen can suna da wani wasa wai shi besbol. Wani ya jefo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, wani ya tarye shi da kulki, in ya doke shi ya sheƙa a guje. Manyan ƙungiyoyin wasan 30 ne. Tun shekarar 1965 suka tsiri al'adar taruwa shekara shekara, su zaɓi samari daga makarantu bi da bi, su biya su kuɗin sa hannu. Yanzu cikin watan Yuli ake zaɓen, zagaye 20.

Kusan duk wanda aka zaɓa sai an fara tura shi ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ke hawa biyar, ana rubuta kome ya yi a fili. Daga wannan lissafi na watannin farko jama'a kan yi hanzarin yanke hukunci, su ce wane riba ne, wane kuwa hasara. To, ku dubi abin da ya sami ƙungiyar Yankees ta birnin New York.

A 1991 ita ce ta fara zaɓe, ta ɗauki wani majefi, Brien Taylor, a kan dala miliyan 1.55. A 1992 ya fid da masu duka 187 da jifarsa, kowa ya ce an yi tsintuwa. Cikin Disamba 1993 ya ji rauni a kafaɗa wajen wani faɗa, bai taɓa taka babban fili ba.

A 1992 kuwa ta ɗauki Derek Jeter a kan dala 800,000. A hawan farko, cikin kowace tsayuwa goma biyu kaɗai yakan samu, alhali gwani uku yakan samu. A 1993 aka lasafta masa kuskure 56 wajen tsaron fili. Mai gajen haƙuri da ya ce kuɗi sun faɗa rijiya. Ashe shi ne zai yi shekara 20 a babban fili, ya tara duka 3,465, har a 2020 aka zaɓe shi cikin zauren gwanayen wasan.

Dalilan da ke sa lissafin farko ya yi ruɗi sanannu ne. A makaranta da kulkin ƙarfe ake duka, a wasan sana'a kuwa sai na itace, wanda ba ya rufa wa mai kuskure asiri. Sa'an nan yaro ya bar gidansu, ga wasa kusan kullum, ga doguwar tafiya a mota. Kuma wasan wata biyu ya yi kaɗan a raba gwaninta da sa'a. Don haka masu hankalinsu sukan fi duba shekarun yaron, da lafiyar jikinsa, da ko yana gane ƙwallon da ya kamata a bari ya wuce.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, amma sai ga wanda ya san abin da ake dubawa ran Laraba.