Harshen Damo a Shirin Yara: Nagarta da Raunin Animaniacs

Gabatarwa

Daga cikin shirye-shiryen zane mai motsi da aka yi wa yara a talabijin akwai wani nau'i wanda ba labari ɗaya yake bi ba, sai dai a tattara gajerun wasanni da waƙoƙi da barkwanci a cikin rabin sa'a. Fitaccen misalinsa shi ne Animaniacs na ƙasar Amurka, wanda Tom Ruegger ya ƙago, kamfanin Warner Bros. da kamfanin Amblin na Steven Spielberg suka shirya. An fara nuna shi ran 13 ga Satumba, 1993, aka rufe a 1998 bayan fitowa 99. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, nagartar shirin da rauninsa tushensu guda, wato ƙoƙarin yi wa yaro da babba magana a lokaci ɗaya.

Tsarin Shirin

Taurarin shirin 'yan'uwa ne uku, Yakko da Wakko da ƙanwarsu Dot. A cikin labarin an ce tun wajen 1930 aka zana su, amma ƙiriniyarsu ta sa aka kulle su cikin tankin ruwa na harabar kamfanin a Burbank, sai bayan shekaru sittin suka kuɓuce. Ban da su akwai ɓeraye biyu, Pinky da Brain, waɗanda kullum dare suke ƙulla dabarar mallakar duniya, kullum kuma ta warware. Akwai Slappy, tsohuwar kurege mai saurin fushi, da tattabaru uku, da kyanwa Rita da kare Runt. Kowanne da nasa fage, saboda haka in wasa ɗaya bai gamsar ba, ba a jimawa wani ya maye gurbinsa.

Nagartarsa

Abu na farko shi ne kiɗa. Kowace fitowa da nata kiɗan da aka tsara mata, wanda ƙungiyar makaɗa ta mutum talatin da wani abu take kaɗawa a ƙarƙashin Richard Stone, har ya zamana duk wani tsalle ko faɗuwa yana da sautin da ya dace da shi.

Na biyu shi ne koyarwa cikin raha. Randy Rogel ya tsara waƙar da Yakko yake jero sunayen ƙasashen duniya bisa karin wani kiɗan rawa na Meziko, da Nijar da Nijeriya da Cadi duk a ciki. Wata waƙar kuma Wakko ne yake jero jihohin Amurka 50 da manyan biranensu. Malamai sun san abin da aka rera ya fi abin da aka karanta zama a kai, kuma shirin ya ci moriyar wannan sosai.

Na uku shi ne sarrafa harshe. Maganar Yakko cike take da habaici da zaurance da wasa da kalmomi, ta yadda yaro zai yi dariyar gudumar da ta sauka a kan wani, babba kuwa ya yi dariyar abin da aka sakaya. Wannan ya sa shirin ya sami lambar Peabody ta 1993 da lambobin Emmy da dama, ɓerayen nan biyu kuma suka sami shirinsu na kansu a 1995.

Rauninsa

Zance mai harshen damo yana da tsada. Wasan tattabaru, alal misali, kwaikwayo ne na Goodfellas, fim ɗin 'yan daba na 1990 wanda ba a yi shi don yara ba. Yaron da bai san asali ba, ba zai gane kwaikwayo ba, balle yaron da ya tashi a wata al'ada dabam. Haka kuma zolayar taurarin Hollywood da 'yan siyasar wancan zamani ta tsufa tare da su.

Har wa yau, akwai barkwancin da ya ƙetare iyaka. An zana ma'aikaciyar jinya Hello Nurse da Minerva Mink don surar jikinsu kawai, maza na rawar kai da ganinsu. Da aka farfaɗo da shirin a Hulu daga 2020 zuwa 2023 ba a ba su fage ba.

Ita kanta koyarwar ba ta kuɓuta ba, domin inda kari da gaskiya suka yi karo, kari ake bi. A waƙar ƙasashe an ambaci Dahomey da Benin kamar ƙasashe biyu, alhali tun 1975 aka sauya wa Dahomey suna zuwa Benin. An ambaci Yaman biyu bayan sun haɗe a 1990, aka kuma tsallake Afirka ta Kudu. Kuskuren da ya shiga kai da waƙa kuwa yana da wuyar fita.

Daɗin daɗawa, an rarraba aikin zanen ga kamfanoni a Japan da Taiwan da Koriya ta Kudu da wasu wurare, don haka kyansa ya bambanta daga wasa zuwa wasa. Wasu wasannin kuma, kamar na Chicken Boo, dabara ɗaya ake maimaitawa har ta gundura.

Kammalawa

Da shirin ya koma tashar WB a 1995, sai aka tarar manya da matasa sun yi yawa cikin masu kallo, alhali masu talla ƙananan yara suke nema, sai aka rage sababbin fitowa har aka rufe. Ke nan abin da ya ɗaukaka shi, shi ne ya gajarta kwanansa. Darasin ga marubuta da malamai shi ne, ba laifi a sakaya wa babba magana cikin wasan yara, muddin yaron da aka yi wasan dominsa bai tashi hannu rabbana ba, kuma abin da aka sa ya haddace gaskiya ne.