Kifin da aka ɗora a bayan dabba aka hau tsauni da shi don kada ya ƙare

A shekarar 2011, ma'aikatan Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila sun ɗora 'ya'yan kifi kimanin 25,000 a bayan lama, wata dabba 'yar uwar raƙumi, suka hau da su wani ƙaramin tafki da ke kan tsauni mai suna Sprinkling Tarn. Mota ba ta iya hanyar.

Kifin da aka yi wa wannan hidima shi ne vendace, ɗan ƙaramin farin kifi mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ake ɗauka a matsayin mafi ƙaranci cikin kifayen ruwan daɗi na Birtaniya. Tun ƙarshen zamanin ƙanƙara yake can, kuma ba ya rayuwa sai a ruwa mai zurfi, mai sanyi, mai wadatar iska.

A tafkuna huɗu kacal aka san shi a ƙasar. Biyun da ke Lochmaben a Sikotland ya daɗe da ɓacewa daga cikinsu. Saura Derwentwater da Bassenthwaite a arewacin Ingila.

A Bassenthwaite aka fi ganin yadda abin ke lalacewa. Ruwan ƙazanta da takin gona sun haifar da gansakuka, wadda in ta ruɓe take cinye iskar ƙasan tafki. Laka ta binne tsakuwar da kifin ke zuba ƙwai a kai lokacin hunturu. Sai ga baƙin kifaye, musamman ruffe, da ake zargin masu fatsa ne suka shigo da su. Shi kuwa ruffe ƙwan vendace ne abincinsa. A 2008 aka bayyana cewa ya ƙare a tafkin, ko da yake an sake cin karo da guda ɗaya a 2013.

Sa'ar da aka yi, tun a ƙarshen shekarun 1990 an kwashi irin na Bassenthwaite zuwa Loch Skeen, wani tafki a tsaunukan Sikotland, kuma ya yi yabanya a can.

Sai dai ƙaura ba magani ba ce, sayen lokaci ne. Ruwan tafkunan yankin na ƙara ɗumi, shi ya sa ake neman mafaka a sama inda sanyi ya fi. Su kuma irin waɗannan tafkuna ƙanana ne, kuma ba su da yawa.